Darniyen ajinmu ya iya lissafi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da lissafi a kolej a nan Tawa, bakwai daga ciki ina ɗan kontiragi. A shekarun farko ina da wata al'ada da na gada daga malamaina, ban kuma taɓa tambayar kaina amfaninta ba. Duk ranar da zan mayar wa yara takardun jarrabawa, tun a gida nake jera su, daga mai maki mafi yawa zuwa na ƙarshe. In na shiga aji sai in fara kira. Na farko ya taso ana tafi, 17 bisa 20. Na biyu, na uku. Da an sauko ƙasa da 10 tafi ya ƙare, aji ya yi tsit. Da an zo ƙasa da 5 kuma sai ƙus-ƙus da dariya ƙasa-ƙasa, don kowa ya san sunayen da suka rage a hannuna. Yaro tamanin da wani abu ne a ajin, saboda haka wanda ke can ƙasa yakan yi kusan minti ashirin yana jiran wuƙa ta iso wuyansa.

A wani ajin sizyam, wato ajin farko na kolej, takardar ƙarshe kullum ta yaro guda ce, wani dogo mai shiru-shiru daga wani ƙauye a yankin Keita. Ƴan aji sun bar kiran sunansa, Darniye suke ce masa, wato na ƙarshe da Faransanci, har ya fara amsawa. Ranar da ba na mancewa, 02 ya samu. Na ɗaga takardar sama na ce wannan maki biyun ma ladan tawada ne, don kada ya ce ya ƙarar da bik ɗinsa a banza. Aji ya fashe da dariya. Ya taso ya karɓa da hannu biyu, har da rusunawa, ya koma ya zauna. Ni kuwa na ji daɗin kaina, na ga na iya magana.

Cikin watan Maris, lokacin da albasa ta cika kasuwa, na je sayen cefane sai na hango shi zaune bisa buhu a rumfar wani dattijo, wanda daga baya na gane shi ne mai masaukinsa. Dattijon na ciniki da wani baƙo. Bai ko waiwaya ba ya ce: “Kai yaro, buhu bakwai a jika goma sha biyu da rabi, hidda ma mai amalanke dala hamsin-hamsin, nawa ke nan?” Yaron ya ɗan lumshe ido, bai taɓa takarda ba, ya ce: “Jika tamanin da biyar da dala ɗari da hamsin, Baba.” Na zaro waya daga aljihu na buga. 85,750. Daidai. Ya ninka lamba mai rabi, ya ninka wata, ya juya dala zuwa sefa (dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu), ya cire, duk kafin in gama buɗe wayata. Babin da ya ci 02 a kansa ke nan, ba wani ba.

Da ya gan ni ya sauko daga kan buhun ya rusuna. Na ce: “Kai, ashe ka iya wannan, mi ya hana ka yi a aji?” Ya yi murmushin jin kunya ya ce: “Mushe, wanga ai kuɗɗi na. Lissahi kau ni ban iya shi.”

Ban iya shi. Ba ƙorafi yake ba, labari yake ba ni, kamar mai faɗin sunan garinsu. Kuma na san bakin da ya ji labarin daga gare shi.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da zan faɗa a nan, ko da abokan aikina za su ce na yi laushi. Yawancin yaran da muke kora daga kolej ba kai suka rasa ba. Zuciyarsu muka karya tun a zangon farko na sizyam, da hannunmu, sannan muka koma ɗakin malamai muna shan shayi muna cewa yaran yanzu ba su da zuciyar karatu. Ƙarfin zuciyar ɗalibi, wato ya yarda cewa in ya dage zai gane, ya faɗi ya tashi, ya ɗaga hannu ya ce ban gane ba, ba da shi ake haihuwar mutum ba. A cikin aji ake gina shi, a cikin aji ake rusa shi, kuma mu ne magina, mu ne marusa.

Na san amsar farko, don ni ma na sha ba da ita: ba su da nibo, wato karatunsu bai kai matakin ajin ba. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba. Binciken PASEC, wanda ke auna ɗaliban firamare a ƙasashen Afirka masu karatu da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa a Nijar ko yaro ɗaya cikin goma bai kai matakin da ake so a karatu ba a ƙarshen firamare. A 2019 abin ya ɗan gyaru, ya kai wajen uku cikin goma. Ma'ana, cikin tamanin ɗin da ke gabana, fiye da rabi ba sa iya karanta tambayar da na rubuta a allo su fahimce ta, balle su amsa. Ba mamaki a 2021 wajen ɗaya cikin biyar kawai suka samu BEPC, jarrabawar kammala kolej, a ƙasar nan. To amma ita wannan gaskiyar ai a kanmu take faɗawa. In ka san yaro bai iya karanta tambaya ba, ka ba shi ita, ya faɗi, ka ɗaga takardarsa ana dariya, me ka auna? Me ka koya masa ban da cewa wurin nan ba nasa ba ne?

Ku duba abin da yaron ƙauye ke tararwa a sizyam. Shekara shida a firamare yana da malami guda a aji, wanda ya san ubansa, wani lokaci ma a gidansu yake cin tuwo. Rana ɗaya an kawo shi birni, an damƙa shi ga wani dangi na nesa ko abokin cinikin ubansa. Da asuba shi ne ɗebo ruwa, shi ne ba dabbobi abinci, da marece shi ne tsaron rumfa. A lakwal malamai takwas ko tara ke shiga suna fita, ba wanda ya san sunansa, kowa na zuba Faransanci kamar ruwan Agusta. Ƴan birni da suka fito makarantu masu zaman kansu suna zaune a gaba suna ɗaga hannu. Ran da ya yi ƙarfin hali ya buɗe baki, ya sa “la” inda ake sa “le”, aji ya kwashe da dariya, wani lokaci har da malamin. Shi ke nan, ya ɗinke bakinsa sai Yuni. Iyayenmu sun ba mu labarin sambol, ƙashi ko guntun icce da ake rataya wa yaro a wuya in an kama shi yana Hausa a lakwal. Yau ba a rataya komai, amma dariyar nan ta gaje shi, ta ma fi shi nauyi, don shi sambol kana iya miƙa wa wani kafin a tashi.

Ana cewa matambayi ba ya ɓata. A ajinmu matambayi shi ne abin dariya.

Na yi ɗan karance-karance bayan ranar kasuwar nan, don abin ya tsaya mini a rai. Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Bandura, haifaffen Kanada da ya yi aiki a jami'ar Stanford a Amurka. A 1977 ya fitar da bayani a kan abin da za mu iya kira yarda da iyawar kai, bayan ya yi aiki da mutane masu matsanancin tsoron maciji. Ya ce wannan yardar tana da mafari huɗu, amma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai faɗa maka da baki cewa za ka iya. Akwai ganin wani irinka ya yi. Akwai halin da jikinka ke ciki, ko gabanka na faɗuwa ko hankalinka a kwance. Wanda ya fi su duka shi ne ka yi abin da hannunka, ka ga ya yiwu. Mai tsoron maciji ba lacca ke warkar da shi ba. Matsowa yake yi kaɗan-kaɗan, yau ya kalli akwatin daga nesa, gobe ya taɓa shi, har ya kai ga riƙe macijin, daga nan ba mai sake gaya masa ba zai iya ba.

Da na karanta sai na yi dariya, don malamin allon unguwarmu bai taɓa jin sunan Bandura ba, amma da haka ya karantar da mu. Kowane yaro da allonsa, kowa da inda yake. Ba a ce maka mun wuce nan tun watan jiya. Ka biya, ka biya, ran da ya zauna malam ya ce je ka wanke, a rubuta maka na gaba. Wanke allon nan wata ƴar nasara ce da yaro ke ɗanɗana duk bayan kwana biyu-uku, da hannunsa, da ruwa. Ba na cewa makarantar allo aljanna ce, akwai dorina, bayana shaida ne. Amma ban taɓa jin an kira wani Darniye a can ba. Mai saurin kai ya sauke da wuri, mai nauyin kai ya sauke daga baya, kowa aka yi masa walima. A kolej kuwa yaro na iya yin wata tara cur bai ɗanɗana daidai ko sau ɗaya ba. Mutum babba ma, a ce wata tara kullum ya fita kasuwa ya dawo da faɗuwa, sai ya canza sana'a.

Mu mutanen Tawa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, garin da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Kowa ya ga yadda makaɗi ke zuga ɗan kokowa kafin ya shiga fili, har tsigar jikinsa ta tashi. Kirari na da aiki. Amma wa ya taɓa ganin kirari ya kayar da wani? Wanda ake yi wa kirarin tun yana ƙarami yake kokowa a dandali bayan girbi, da tsararsa, ya kayar a kayar da shi. Ba a haɗa ɗan shekara goma da mai takobi, zakaran kokowa na ƙasa, a ce a ga zuciyarsa. Mu kuwa haka muke yi a sizyam, in ya sha ƙasa mu rubuta masa “rago” da jan bik a Faransanci.

A nan ne na raba hanya da masu wa'azin nasara da suka cika Facebook da TikTok, da waɗanda ake gayyatowa makarantu ana saura mako biyu jarrabawa su riƙe makirfo su ce wa yara ku yarda da kanku, komai a kai yake. Ba a fafe gora ranar tafiya. Su Amurkawan da suka fi kowa son wannan zance sun auna shi. Carol Dweck ta yi suna da ra'ayin cewa yaron da ya yarda basira na ƙaruwa da aiki ya fi jure wahalar karatu a kan wanda ya ɗauka basira rabo ce da aka gama rabawa. A 2019 ita da David Yeager da wasu suka buga sakamakon gwajin da aka yi da ɗalibai wajen 12,000 na makarantun gwamnati a Amurka, inda aka ba su ɗan darasi a kan wannan ta intanet, wanda bai kai awa guda ba. Ɗalibai masu rauni sun ƙaru, amma da 0.1 a ma'aunin da ke tsayawa a 4. In ka kwatanta da namu, wajen rabin maki ke nan bisa 20. Rabin maki ba banza ba ne, duk wanda ya taɓa ganin yaro ya tsaya a 9.5 ya sani. Amma rabin maki ne, kuma a makarantun da ke da benci da littafi da abincin rana. Binciken ma ya nuna abin ya fi kamawa inda sauran ɗalibai ba sa raina mai ƙoƙari. Ka ga an dawo kan dariyar nan ta ajinmu.

Ina jin tsoron ranar da wannan zance na ƙarfin zuciya zai yi wa masu mulki daɗi, don ya fi siminti arha. Yaron da ke zaune a ƙasa cikin rumfar kara, iskar hunturu na watsa masa ƙura a kaye, ko a watan Afrilu zafi ya haura 40 bai karya kumallo ba, kada wani ya zo ya ce masa matsalarsa rashin yarda da kai ce. Ba mu manta da Afrilun 2021 ba, da gobara ta cinye yara wajen ashirin a azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta Yamai, ba mu manta da ta Maraɗi cikin Nuwamban shekarar ba. Malamin kontiragi da wata ya ƙare bai ga kuɗinsa ba, mai gida na buga masa ƙofa, shi ma tasa zuciyar a karye take, da me zai ɗinke ta wani? Na yi wannan rayuwar, na san yadda ake shiga aji da fushin da ba yara suka jawo ba. Duk wannan hakki ne a wuyan gwamnati, kuma ba na yafe mata ko dala. Abin da nake cewa shi ne, akwai wani kaso da ke hannunmu, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi. Ba ministan da ya sa ni ɗaga takardar yaron nan sama.

Wani dattijon abokin aikina, wanda nake girmamawa ƙwarai, yakan ce mini: “Ƙanena, mu da bulala da kunya muka yi karatu, ga mu nan mun zama mutane. Ku ne za ku lalata yara da lallashi.” Nakan ce masa: “Yaya, ku nawa kuka shiga sizyam, ku nawa kuka fito?” Sai ya yi shiru ya fara lissafi da yatsu. Waɗanda kunya ta zaburar suna nan suna ba da labari a ofis-ofis. Waɗanda ta kashe wa gwiwa ba a gayyatarsu taro, suna Abijan, suna Libiya, suna tura baro a Legas. A nan ƙasar Adar, yankinmu na Tawa, yaro ba ya rasa ƙofar fita. Yana ganin tsaransa sun dawo daga bida da waya da babur, shi kuma yana nan ana kiransa Darniye. Wace hujja lakwal ta ba shi ya zauna? Kuma ni ban ce a yi lallashi ba. Ba wa yaro 12 alhali 4 ya ci cin amana ne, BEPC za ta tona asirin kowa. Ka ba shi 4 ɗinsa, amma a hannunsa, a rufe, ka nuna masa layin da ya kauce, ka ba shi damar sake gwadawa.

Ga ƴan mata kuwa abin ya fi muni, don su makin ba a aji yake tsayawa ba. Tun Disamban 2017 akwai dokar da ta ce a kare karatun yarinya har ta kai shekara 16, amma a ƙasar da kusan uku cikin huɗu na mata ke aure kafin 18, katin sakamako mai jan bik hujja ce a hannun duk wanda dama yake jira. Baba ko gwaggo ta ɗaga shi ta ce ga shi nan, ba ta ja, zaman me take? Yarinyar da aka kunyata a aji ba za ta buɗe baki a gida ta ce a bar ni in sake ba. Ta riga ta yarda da su.

Sai maganar ba ɗalibi iko, wadda in an ambata malamai ke zabura kamar an ce za a ba yara makullin ofis. Abin mamaki, ɗaliban Nijar ba baƙin iko ba ne. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, USN, ta girmi yawancin jam'iyyun da aka yi a ƙasar nan. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai ne suka hau gadar Kennedy a Yamai, aka kashe uku, kuma jininsu na cikin abin da ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Har gobe, usur guda in an busa a bakin ƙofa, kolej ta watse. Yaron da zai iya tsayawa gaban ɗaruruwa ya yi jawabi a kan alawus, shi ne kuma ba zai iya ɗaga hannu a aji ya ce “Mushe, sake bayani” ba. Mun bar musu titi mun hana su aji. Ina ma zargin cewa wasu na son yajin ne don ranar ce kawai suke jin su ma wasu ne a makarantar.

Kuma a jihar nan aka gwada ba mutane iko a harkar lakwal aka ga amfaninsa. A 2004, a Tawa aka fara shirin nan na makaranta don kowa da taimakon hukumar JICA ta Japan, inda iyaye ke zaɓen ƴan kwamitin kula da makaranta, COGES, da ƙuri'ar sirri, su zauna su tsara abin da makarantarsu ke bukata, su yi da kansu. Daga nan ya bazu ƙasa baki ɗaya. An yarda manomin da bai taɓa shiga aji ba yana da abin faɗa a kan lakwal. Ɗansa mai shekara 15, wanda ke zaune a cikinta awa shida kullum, shi ba a tambayarsa. Na taɓa zama a wani taro inda wakilin ɗalibai ya halarta daga farko har ƙarshe, aikinsa ɗaya: zuba shayi.

Abin da na gwada a nawa ajin ba shi da yawa. Na bar jera takardu, na bar kiran maki. Nakan fara kowane babi da tambayoyi uku da na tabbata kusan kowa zai ci, in bar su su ga alamar daidai a kayensu kafin mu hau tudu. Wanda ya faɗi ƙaramar jarrabawa yana da mako guda ya gyara, ya zo ya yi mini bayanin gyaran da bakinsa, in ƙara masa wani abu. Na hana dariya, hani mai tsanani, wanda ya yi wa mai tambaya dariya shi zai fito allo ya amsa. Sannan minti goma na ƙarshe na ce kowa ya yi tambaya da harshen da ya ga dama. Ranar farko ba wanda ya yi motsi, sun ɗauka tarko ne. A mako na biyu wata yarinya daga can baya ta ce: “Mushe, shi wanga x ɗin, wai mi a shi?” Wata huɗu muna tafiya da x. Rabin aji suka juyo suna jiran amsa, har da na gaba-gaba masu ɗaga hannu.

Ba sabon abu na ƙirƙiro ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma takardar BEPC da Faransanci take zuwa, don haka ba na yaudarar yara, sai sun iya shi. Hausar tsani ce nake jingina musu su hau.

Kada in yi ƙarya, abin bai tafi sumul ba. Aji ya ƙara hayaniya, har shugaban makaranta ya leƙo sau biyu ya ga ko ba malami. Gyaran takardu ya ninka, na sha kwana da fitilar waya a kan tabarma. Shekarar farko ban gama manhaja ba, babi biyu suka rage, aka kuma yi mini magana a kai, da gaskiyarsu. Wani uba ya zo har gida ya ce ɗansa ne na ɗaya tun firamare, don me na hana a san haka? Na fahimce shi, yabon gwani ya zama dole, na ce masa zan yaba wa ɗansa ba tare da na yanka na wani ba. Bai gamsu ba. Akwai kuma yaran da duk abin da na yi ba su motsa ba, don ramin da suka taho da shi daga firamare ya fi ƙarfin minti goma. Abin da na gani da idona shi ne, masu miƙo farar takarda ba su rubuta komai ba sun ragu sosai. Yaron da ya rubuta kuskure ina da inda zan kama shi. Farar takarda ba ta da hannu.

Shi kuwa mutumin nawa, bayan ranar kasuwa na fara juya masa tambayoyi zuwa buhu da jika, in ya ci sai in nuna masa ga yadda ake rubuta abin da ya riga ya yi da ka. Ya samu 07, daga baya 09. Ranar 09 ɗin na ga ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ba cikin kaye ba. Amma lissafi darasi ɗaya ne cikin tara, kuma na farga a makare. Makinsa na shekara bai kai ba, ya maimaita, shekara ta biyu aka sallame shi. Bayan Sallah ya bi motar Abijan.

Watannin baya, ina tsaye a tasha wani ƙato mai gemu ya rusuna ya ce “Mushe”. Sai da ya faɗi sunan da ƴan aji ke kiransa, yana dariya, sannan na gane shi. Yana unguwar Ajame a Abijan, shi ke riƙe wa mutanen garinsu su goma sha wani abu lissafin kaya da na adashi, a wani babban kaye da ya ce ba ya rabuwa da shi. Ya saya mini lemo, ya hana ni biya. Da za mu rabu ya ce ƙanwarsa ta shigo sizyam a makarantarmu bana, ya faɗi sunanta.

“Mushe, don Allah in ta faɗi kada a kira makinta gaban mutane. Tana da kunya ƙwarai.”

Na ce masa ba a ajina take ba, tana wajen dattijon nan abokin aikina.

“To ka gaya mashi, Mushe. Kai yana jin maganarka.”

Na ce to. An kusa gama zango na biyu yanzu. Shekaranjiya na wuce ta bayan tagar ajinsu, na ji ana tafi, na ji an sauko 11, an sauko 10. Na ƙara sauri.